Koyar da Batun Ƙwadago: Fara Daga Wuyan Riga

Ranar farko kada ka rubuta komai a allo. Ka shiga aji da rigunan gwanjo uku ko huɗu, irin waɗanda ake zubewa a Ƙofar Wambai, ka miƙa wa 'yan layin gaba, ka ce su juya wuyan su karanta ɗan ƙyallen da ke maƙale a ciki. Da wuya a rasa guda mai sunan Bangladesh. Kafin ka ankara aji ya kaure, na baya yana jan wuyan rigar na gaba yana dubawa, 'yan mata suna laluben gefen rigunan sanyinsu. Ka bar su su yi. Idan sun lafa sai ka ɗaga riga ɗaya ka tambaya: hannun mutum nawa ne ya taɓa wannan kafin ta iso gare mu?

Ba a rasa ɗan tela a aji, kuma shi ne zai ce mutum ɗaya ya isa ya yanka ya ɗinke. A shagon unguwa haka ne. A masana'anta kuwa jere ake yi, keke bayan keke: wannan kafaɗa kawai take haɗawa, ta gabanta wuya, wata hannu, wata kalmasa, wata kuma aikinta tsinke zaren da ya yi saura. Mace sai ta shekara tana ɗinka wuya ba ta taɓa haɗa riga sukutum ba. An yanka mata adadin da za ta fitar a kowace awa, kuma akwai mai tsaye a kanta yana ƙirgawa. Ka sa ɗalibai su bi layin ɗinkin da ɗan yatsa, duk inda ya sauya su ce wani hannu ke nan. Wannan 'yar ƙirga ta minti goma ta fi shafi uku na ma'anar kalmar ƙwadago shiga kai.

Na daɗe ina koyar da wannan fanni, ga matasa da safe da kuma magidanta a ajin yamma, kuma wuyarsa a wuri ɗaya take. A ƙasar da arzikinta ke hauhawa da sauri, masana'antar da ta ciyar da miliyoyin gidaje ita ce kuma ta kashe mutane da sakaci, duka biyun gaskiya ne. Da an fara magana aji yakan rabe biyu. Wasu su ce zalunci ne tsagwaronsa, a rufe. Wasu su ce da babu gara ba daɗi, mai jin yunwa ba ya zaɓen aiki. Aikinka, malam, shi ne ka hana aji kwanciya a kan ko wanne, ka dinga jan su zuwa tambaya guda: ranar da ma'aikaci ya ga abin da zai cuce shi, yana da ikon cewa a'a ba tare da ya rasa abincinsa ba?

Alherin ya fara zuwa

Malamai da yawa suna buɗe darasin da labarin gobara da rushewar gini. Ni ban yarda da hakan ba. Ɗalibin da aka fara nuna wa gawa ba zai ƙara sauraron lissafi ba, kuma ba zai gane abin da ya sa yarinya ke barin ƙauyensu da ƙafarta ta nufi Dhaka, babban birnin Bangladesh, ba.

Ka ba su hoton ƙasar a taƙaice. Mutum kusan miliyan 170, mafi yawansu Musulmi, a filin da bai kai kashi ɗaya cikin shida na Najeriya ba. Ta samu 'yanci a 1971 bayan yaƙi, yunwa ta biyo baya a 1974, kuma babban abin da take sayarwa waje a lokacin shi ne ramar da ake buhu da ita. A 1979 wani kamfanin gida mai suna Desh ya ƙulla da Daewoo na Koriya ta Kudu, aka kwashi mutum 130 aka kai su can koyon aikin masana'antar ɗinki. Ka tsaya ka tambayi aji abin da ya kawo Daewoo. Dalilin shi ne tun 1974 akwai yarjejeniyar da ta ƙayyade yawan tufafin da ƙasashe irin su Koriya za su shigar Amurka da Turai, Bangladesh kuwa ba a sa mata wannan takunkumi ba tukuna. Mafi yawan waɗancan 130 daga baya sun bar Desh sun buɗe nasu, sana'ar ta bazu kamar wutar daji. Yau kimanin mutum miliyan 4 ke cikinta, fiye da rabinsu mata, kuma ita ke kawo sama da kashi 80 cikin 100 na kuɗin kayan da ƙasar ke fitarwa.

Akwai binciken da Rachel Heath da Mushfiq Mobarak suka yi, wanda ya nuna cewa 'yan matan ƙauyukan da ke kusa da masana'antu sun fi daɗewa a makaranta, domin iyaye sun ga aikin yana neman wadda ta iya karatu da lissafi. Ka faɗi wannan da cikakken bakinka. Idan ka rage wa alherin nauyi don labarin zaluncin ya fi armashi, ɗalibi mai kaifin basira zai gane, kuma daga ranar ya daina yarda da kai.

Takardar albashi

Nan ne zan roƙe ka ka zauna, ko da zai ci maka darasi biyu. Mutum zai iya yin shekara yana jin "haƙƙin ma'aikata" bai riƙe komai ba, amma ranar da ya raba albashi da awa da hannunsa ba ya mantawa.

Rubuta wannan a allo. Mafi ƙarancin albashin mai ɗinki a Bangladesh tun Disamba 2023 taka 12,500 ne a wata, kimanin dala 113 a canjin lokacin. Amma ba dunƙule yake ba. Tushen albashi 6,700, kuɗin haya 3,350, magani 750, kuɗin mota 450, abinci 1,250. Ka sa su tara, su tabbatar ya cika. Sannan ka gaya musu dokar ƙwadago ta ƙasar, ta 2006, ta ce aiki awa 8 ne a rana, abin da ya haura obataim ne, kuma ana biyansa ninki biyu. Aji zai ce madalla. Sai ka ce a fito da biro.

Wata yana da ranakun aiki 26, sau awa 8, ya ba da awa 208. Ninkin da doka ta ce na tushen albashi ne kaɗai, ban da alawus. To 6,700 a raba da 208 ya ba da taka 32 da ɗoriya, a ninka ya zama 64. Yanzu su raba albashin gaba ɗaya, 12,500, da 208. Zai ba su 60. Ka yi shiru ka bar su su kalli lambobin biyu. Awar da aka kira ninki biyu, awar dare bayan baya ya ƙage ido ya yi ja, taka 4 kacal ta fi awar safe. Ba a karya doka ko ɗaya ba. An dai tsara albashin ne yadda tushen zai zauna ƙasa, kuma duk abin da ake lissafawa daga tushe, har da kuɗin sallama, sai ya biyo shi ƙasa. Daga nan ɗalibi zai fahimci dalilin da ya sa 'yan ƙungiya a teburin sulhu ke jayayya a kan tushe, ba su tsaya a kan jimla kawai ba.

Wata rana a ajin yamma, da muka gama wannan lissafi, wani magidanci da ke aikin dare a kamfanin roba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, ni fa ban taɓa ganin irin wannan takarda ba. Ɗan kwangila ne ke kiran suna ya miƙa maka a hannu, ka sa hannu a littafinsa." Na tambaye shi ko ya san nawa kamfanin ke ba ɗan kwangilar a kansa. Ya girgiza kai. Aji ya yi tsit, domin kusan rabinsu haka ake biyansu. Ban tsara wannan a darasin ba, amma shi ne abin da suka fi tunawa.

Lissafi na biyu na tsadar rayuwa ne, kuma gara ka yi shi da naira. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya tashi daga 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024. Ka ba su aikin gida: kowa ya tambayi mahaifiyarsa ko wani mai awo nawa kwanon masara da na shinkafa suke a waɗannan shekaru, ya raba albashin da farashin, ya zo da amsa a kwano. Da kansu za su ga lamba tana hawa kwano yana sauka. A dala ma haka abin yake: 30,000 ta 2019 ta haura dala 80, ita kuwa 70,000 ranar da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba. Sai ka komar da su Bangladesh, inda albashin ya bi ta 3,000 a 2010, 5,300 a ƙarshen 2013, 8,000 a 2018. A 2023 ma'aikata 23,000 suka nema, aka ba su 12,500, kuma mutum huɗu suka rasa rayukansu a zanga-zangar da aka yi kafin a kai ga hakan da kuma bayansa.

Wani zai tambaya, to me ya hana a ƙara musu? Tambaya ce mai kyau, kada ka amsa da sauri. Wani rahoto da Oxfam ta fitar a 2017 ya kiyasta cewa kashi 2 cikin 100 ne na kuɗin rigar da aka ɗinka a Bangladesh aka sayar a Ostireliya ke zuwa hannun masu ɗinki. A rigar naira 10,000, naira 200 ke nan. Ko an ninka, mai saye da ƙyar zai ji a jikinsa. Abin da ya hana shi ne manyan kamfanoni masu ba da oda suna gwara kan masana'antu, suna gwara kan ƙasashe: in ka ƙara sisi, akwai Biyetnam, akwai Kambodiya, akwai Habasha. A 2020, da annobar korona ta rufe shagunan Turai, an soke ko an dakatar da odar kimanin dala biliyan 3 a Bangladesh, wasu kayan ma an riga an ɗinke su. Ka zana wannan sarƙa a allo tun daga mai shago a Landan har zuwa mai keke a Gazipur ta Bangladesh, ka ce su nuna wanda zai iya tashi ya tafi wani wuri, da wanda ba shi da inda za shi.

Safiyar 24 ga Afrilu

Yanzu aji ya shirya wa Rana Plaza. Ka ba da labarin a hankali, da muryarka, ba tare da hotunan gawarwaki ba. Waɗannan 'ya'yan mutane ne, suna da haƙƙin sutura.

Bene ne mai hawa takwas a Savar, kusa da Dhaka. An tsara shi don shaguna da ofisoshi, daga baya aka ɗora masa hawa na sama ba da izini ba, aka cika shi da masana'antun ɗinki biyar da manyan janaretoci. Ranar 23 ga Afrilu 2013 ginin ya tsage. Aka fitar da mutane, injiniya ya duba ya ce akwai haɗari. Bankin da ke ƙasa da shaguna suka rufe. Mai ginin, Sohel Rana, ya ce ba komai, filasta ce ta ɓare. Washegari da safe masu ɗinki suka taru a waje suna tsoron shiga, aka yi musu barazanar riƙe albashin wata. Ka tunatar da aji cewa ranar 24 ga wata ce, an yi aikin mako uku ba a karɓa ba, mai gidan haya yana jira, mai shagon da ake cin bashi yana jira. Suka shiga. Wuta ta ɗauke, janaretocin sama suka tashi, ginin ya girgiza, kafin ƙarfe 9 ya zube. Mutum 1,134 suka mutu, kimanin 2,500 suka jikkata. Wata mai suna Reshma Begum sai bayan kwana 17 aka zaro ta da rai.

Kada ka yi sharhi. Ka raba aji gida biyar: masu ɗinki, manajan masana'anta, mai gini, wakilin kamfanin waje mai oda, da jami'in gwamnati mai duba gine-gine. Kowane rukuni ka ba shi 'yar takarda mai bayanin abin da ke wuyansa. Manaja, alal misali, yana da ranar loda kaya a jirgin ruwa, in ya makara ko a ci shi tara, ko ya tura ta jirgin sama da kuɗinsa, ko a soke odar. Ka ce musu ƙarfe 8 ne na safe, kowa ya faɗi abin da zai yi da dalilinsa. Ka lura da kyau, 'yan rukunin masu ɗinki kusan kullum da ƙarfin hali suke farawa, su ce ba za mu shiga ba. Sai ka matsa kusa da ɗaya ka ce, ke kaɗai, in kin ƙi, ga ɗari a bakin ƙofa suna neman kekenki, me za ki gaya wa yaranki da daddare? Nan murya ke sauka. Can wani zai ce, to in dukanmu muka ƙi fa? Wannan ita ce jumlar da kake jira tun farkon zango. Sai a lokacin za ka gaya musu cewa a cikin masana'antun nan biyar babu ko ɗaya mai ƙungiyar ma'aikata. Ma'aikacin banki da mai ɗinki tsaga ɗaya suka gani a bango ɗaya, ɗaya ya kwana a gida ɗaya ya kwana a ƙarƙashin kankare. Daga nan bayanin yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai lamba 87 ta 1948 kan 'yancin kafa ƙungiya da mai lamba 98 ta 1949 kan ciniki da murya ɗaya, ba zai ɗauke ka minti goma ba, domin sun riga sun gano amfaninsu da kansu.

Akwai maganar da za ta taso, kuma ka shirya mata. Wani zai ce kwanansu ne ya ƙare, ƙaddara ce. Kada ka yi masa dariya, kada ka bari a yi masa. Gaskiya ya faɗa, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ka tuna masa cewa malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun yi maganar katangar da ta karkata, aka gargaɗi mai ita, ya samu sararin gyarawa bai gyara ba, ta faɗa wa mutum: lamuni yana kansa. Imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke alhaki daga mai sakaci ba. Na ga ɗaliban da duk yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ba su motsa su ba, amma wannan mas'ala ta katanga ta zaunar da su.

In lokaci ya ba ka dama ka ambaci gobarar Tazreen, wata biyar kafin Rana Plaza, inda aƙalla mutum 112 suka mutu don babu hanyar fita, ka haɗa ta da gobarar Triangle a New York a 1911, wadda ta ci mutum 146 a bayan ƙofofi kullallu. Shekara ɗari tsakani, ƙofa ɗaya. Wannan yana kashe tunanin cewa abin halin wata al'umma ne.

Abin da ya biyo baya ka bi shi da sauri amma kada ka tsallake. A watan Mayu 2013 aka sa hannu a yarjejeniyar kare gini da gobara tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago na duniya da kamfanonin tufafi, waɗanda daga baya suka haura 200. Bambancinta da alkawuran baya shi ne tana da haƙori: ana iya kai kamfani gaban masu sulhu a tilasta shi, injiniyoyi masu zaman kansu ke duba gini, ana wallafa sakamakon kowa ya gani, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ma'aikaci yana da ikon ƙin aikin da ya ga haɗari a ciki ba tare da an taɓa albashinsa ba. An duba masana'antu sama da 1,600, kuma mace-mace a cikinsu sun ragu ƙwarai. Sai dai inuwarta ba ta rufe kowa ba. A Yuli 2021 gobara a wata masana'antar kayan sha da abinci a Rupganj, wadda ba ta cikin tsarin, ta kashe mutum sama da 50. A Yuni 2023 aka yi wa Shahidul Islam, wani jagoran ƙungiya, dukan da ya yi ajalinsa a Gazipur, bayan ya je neman wa ma'aikata albashinsu da kuɗin Sallah. Bango ya gyaru, bakin ma'aikaci har yanzu da sauran aiki.

Yaran da aka sallama

Darasi ɗaya nake ware wa wannan, domin yana koya wa masu zafin zuciya taka-tsantsan. A 1992 wani sanatan Amurka, Tom Harkin, ya kawo ƙudurin hana shigo da kayan da yara suka yi. Ƙudurin bai zama doka ba, amma tsoronsa kaɗai ya sa masana'antun Bangladesh suka sallami yara kimanin 50,000. Da aka bi sawu, da yawansu ba makaranta suka koma ba, sun faɗa fasa dutse da gararamba a titi da ayyukan da suka fi na farko muni. Sai a 1995 aka yi yarjejeniya tsakanin ƙungiyar masu masana'antu da UNICEF da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, aka buɗe wa yaran makarantu tare da ɗan tallafin wata.

Ka tsaya a daidai inda aka sallame su, kada ka faɗi ƙarshen, ka ce aji ya yi hasashe. Sannan ka kawo maganar gida: 'yar talla, yaron gareji, 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye. Za a yi gardama mai zafi a kan bambancin koyon sana'a da bautar da yaro, kuma gardama ce mai amfani. Ma'aunin da nake ba su uku ne: yana hana shi karatu, yana cutar da jikinsa ko tarbiyyarsa, kuma wa ke cin kuɗin? Duk wanda ya ce a hana, ka tambaye shi me yaron zai ci ranar Litinin. Duk wanda ya ce a ƙyale, ka tambaye shi ko zai tura ƙanwarsa.

A dawo gida

Bangladesh madubi ce, kuma ba a gama darasi a bar ɗalibi yana kallon fuskar wani. Mu ma mun taɓa yin zamanin masaƙu. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, Kaduna ta zama garin da jiniyar canjin aiki ke tashin unguwa, a Kano kuma masana'antu suka cika Bompai da Sharaɗa da Challawa. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu tana cikin mafi ƙarfi a ƙasar, daga cikinta Adams Oshiomhole ya fito. KTL ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Lalle wani zai ce ai ƙungiya ce ta kashe su da yawan buƙata. Ka sa shi ya je ya bincika kuɗin wuta da baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri, da tsufan injuna, da sauye-sauyen manufar gwamnati, ya dawo ya gaya wa aji wanne ya fi nauyi. A ganina albashin masaƙi ba ya cikin manyan dalilai, amma gara ya gano da ƙafarsa.

Babban aikin zango shi ne hira. Kowane ɗalibi ya nemi ma'aikaci ɗaya: ɗan dako a Kantin Kwari, yaron shago mai jiran sallama, direban A Daidaita Sahu mai kai balas, matar da ke tsintar riɗi ko zoɓo a sito, lebura a wurin gini, mai gadi. Ya tambaye shi awa nawa yake yi, yadda ake biyansa, na wata ne ko na yini ko jinga, ko akwai takarda, wa ke biyan magani in ya ji rauni, da abin da zai faru in ya ce a'a. Ka kafa sharuɗɗa da ƙarfi tun kafin su fita. Ba suna, ba hoto, ba sunan kamfani, ba a yin hirar a gaban maigida, kuma a gaya wa mutum gaskiyar abin da za a yi da maganarsa. Makin ɗalibi bai kai abincin wani ba.

Idan sun dawo sai a ɗora abin da suka samo a kan doka. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki ta hannun hukumar NSITF. Akwai kotun musamman ta rikicin ma'aikata. Amma dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi mai aikin jinga ko kamasho ba, alhali sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar nan ba a ƙarƙashin tsarin hukuma suke ba. Ka ce kowa ya duba ko mutuminsa yana cikin inuwar doka ko yana rana. Yawanci hannu biyu ko uku ne ke tashi a ɓangaren inuwa. Daga nan sai tattaunawa ta koma kan abin da mutane suka gina da kansu, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, sarkin sana'a, adashi, da inda suke kare ɗan ƙasa da inda suke zama wani maigidan na biyu.

A jarrabawa kada ka ce su kawo ma'anar yajin aiki. Ka ba su takardar albashi da ka shirya da kuskure biyu a ciki su nemo. Ka ba su labarin sito mai ƙofa ɗaya, ka ce su rubuta wa mai shi wasiƙar da zai karanta har ƙarshe bai yaga ba. Ka tuna a cikin ajin nan akwai 'ya'yan masu kamfani, akwai waɗanda gobe su ne manajoji da jami'an ma'aikatar ƙwadago. Kada ka mai da iyayensu abin zagi. Ka sa ɗan mai kamfani a rukunin masu ɗinki, ka sa ɗan lebura a kujerar manaja.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi so kada ka bari ya wuce ka. Tsofaffin ma'aikatan masaƙu suna nan da ransu a Kakuri da Makera da unguwannin Kano, wasu har yau suna ajiye da katin aikinsu a cikin leda, wasu har yau suna bin haƙƙinsu na sallama. Kullum raguwa suke yi. Ka nemo ɗaya kafin zangon nan ya ƙare, ka je gidansa da kanka ka gayyace shi, ka biya masa kuɗin mota zuwa da komowa. Ka ba shi kujerarka a gaban allo, kai ka koma layin baya ka zauna tare da ɗalibanka.